Mun sayo maganin amma likita yace ba za a saka wa Baba ba sai ɗinki ya warke

Ummu Sadiq:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu ilimin asibiti a gidan nan ku taimaka min da bayani don wallahi kaina ya kulle. Yau kwana 19 da yi wa Babanmu aiki a ciki, kansar hanji ce, an yanke wajen da ƙarin yake an haɗa hanjin, amma sikanin ya nuna abun ya riga ya taɓa hanta. Tun kafin aikin likitan ɓangaren kansa yace mana banda kemo akwai wani magani da ake haɗawa, Avastin sunansa, ta ƙarin ruwa ake saka shi. Muka tashi hankalinmu muka saida filin da Baba yake cewa na ƙannena ne muka sayo kwalba biyu, yanzu haka suna firij ɗin maƙwabcinmu mai sola don mu unguwarmu wuta sai a hankali. Jiya mun koma da murnar za a fara, likita ya ɗaga audugar ya duba ɗinkin, can ƙasan cibiya akwai wani ɗan waje kamar faɗin farce da bai haɗe ba yana ɗan tsattsafo da ruwa, kawai sai yace ba za a saka ba, a dawo nan da sati biyu a sake dubawa. Sati biyu fa! Mutumin da ciwo ke cin hantarsa. Me ya haɗa ɗan ciwon fata da maganin kansa? Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, jiya ko runtsawa ban yi ba.

Abu Fahad:
Wa'alaikumussalam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni shawarata in da hali ku fitar da shi Masar ko Indiya kawai, irin wannan jeka ka dawo ɗin ne yake kashe mana iyaye. Kansa ba ta jira.

Maman Iman:
Subhanallah, Allah ya sa kaffara ne. Sista Larai tana nan ai, bari na taɓo ta.

Sista Larai:
Wa'alaikumussalam ƙanwata, sannu da jinya. Na daɗe ina aiki a ɗakin marasa lafiyar tiyata, kuma gaskiya zan faɗa miki likitan nan ya yi daidai, da ya saka maganin jiya da shi ne zan zarga. Abu Fahad ko Alƙahira aka kai shi ko Delhi abin da za su faɗa kenan, domin a rubuce yake a takardar da ke cikin kwalin maganin. Ummu Sadiq ki je gidan maƙwabcin naku ki ciro takardar ki ba wani ya karanta miki: ba a saka shi sai an cika aƙalla kwana 28 bayan babban aiki, kuma sai ciwon ya warke sarai. Sharaɗi biyu ne, Baba ko ɗaya bai cika ba tukuna.
Amma kafin komai amsa min wannan. Ruwan da ke fitowa wane kala ne, kuma yana jiƙa auduga nawa a rana? Yana wari? Akwai zazzaɓi? Baba yana da suga?

Ummu Sadiq:
Anti ruwan fari ne fari ne da ɗan ɗorawa, ba yawa, sau ɗaya ake canza audugar da safe. Ba wari ba zazzaɓi alhamdulillah. Suga kam yana da shi shekara kusan goma.

Sista Larai:
To alhamdulillah wannan da sauƙi. Abin da nake tsoro shi ne ruwa mai yawa ja-ja kamar ruwan da aka wanke nama, wanda zai jiƙa riga lokaci ɗaya, in kika ga wannan ko tsakar dare ne ku tafi asibiti, alama ce ɗinkin ciki yana neman buɗewa. Sugan kuma shi kaɗai ma yana jinkirta warkewa, to ina ga an ƙara masa maganin da aikinsa kenan.

Abu Fahad:
Sista ban fahimta ba. Maganin kansa ne ko maganin hana warkewa?

Bashir Famasi:
Duka biyun ne Yaya Abu Fahad, kuma ta hanya ɗaya yake yinsu. Bari na gwada bayani. Shi Avastin sunan kamfani ne, ainihin sunansa bevacizumab, kuma ba irin kemo ba ne da ke kashe ƙwayoyin kansa kai tsaye. Ƙari ba ya iya girma ya wuce milimita 1 zuwa 2, wato kamar ƙwayar gero, sai ya samu jijiyoyin jini nasa da za su kawo masa abinci da iska. To sai ya dinga fitar da wani sinadari ana ce masa VEGF, wannan sinadarin kamar kira ne, jijiyoyin da ke kusa suna ji sai su fara tsiro da ƙananan rassa suna nufar ƙarin. Bevacizumab yana bin jini yana kama VEGF ɗin yana riƙewa, kiran ba zai isa ba, ƙarin ya rasa sabbin hanyoyi.
Matsalar ita ce jikinka ma da wannan kiran yake ɗinke ciwo. Kuma maganin bai san wannan VEGF na ƙari ne wancan na ciwon tiyata ne ba, duk wanda ya samu kamawa yake.

Sista Larai:
Yauwa Bashir. Ummu Sadiq gobe in ana wankin ciwon ki leƙa ki gani da idonki. In ciwo yana warkewa da kyau za ki ga ƙasansa ja jawur, da ƴan ƙananan gudaji kamar tsakin gero, in auduga ta ɗan goge shi sai ya yi jini kaɗan. Masu jinya suna tsorata in sun ga haka, mu kuwa murna muke, domin wannan jan naman ba komai ba ne illa dubban sabbin jijiyoyin jini ƙanana da suka tsiro. Shi ne yake cike ramin daga ƙasa, a kansa fata take tafiya ta rufe. Daga wajen kwana na 4 zuwa sati 3 ne aikin nan yake kan ganiyarsa. In ciwo ba jini za ki ga ƙasansa fari fat ko toka-toka, a bushe, sati ya zagayo yana nan yadda yake, shi ne ke komawa gyambo.
Kuma ki tuna abin da kike gani a fata ƙarami ne. Akwai ɗinkin bangon ciki a ƙasansa, sannan ga ɗinkin hanjin da aka haɗa baki da baki wanda ba mai ganinsa. Shi likita ɗan wajen nan na ƙasan cibiya yake kallo yana auna na ciki. In hanjin ya ƙi haɗewa bayan gida ne zai zuba a cikin ciki, wannan kuwa ba na son ko maƙiyina ya gani.

Ummu Sadiq:
Innalillahi. Anti ni duk tunanina tunda an cire zare shikenan ya warke.

Sista Larai:
A'a ƙanwata, cire zare daban ƙarfin ciwo daban. A sati 3 ƙarfin wajen bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na yadda yake da ba, sai wajen wata 3 yake kaiwa kusan kashi 80, kuma a nan yake tsayawa. Shi ya sa muke hana su ɗaukar bokitin ruwa ko yunƙuri mai ƙarfi a bayi.

Ɗalibin Likita:
In ƙara kaɗan a kan maganar Malam Bashir don tarihin abun yana da daɗi. Wani likitan tiyata ne a Boston ta Amurka, Judah Folkman, ya kawo tunanin nan a 1971 cewa in aka hana ƙari samun jijiyoyin jini za a iya tsayar da shi, shekaru da yawa mutane ba su ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. A 1989 Napoleone Ferrara a kamfanin Genentech ya ware VEGF, sai a 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Avastin, kuma da kansar hanji da ta bazu aka fara, irin ta Baba. Amma wanda ya fi burge ni Harold Dvorak ne, a 1986 ya yi rubutu yana kwatanta ƙari da ciwon da ba ya warkewa. Ma'ana ƙari dabarar da jiki ke gyara rauni ya sace yake amfani da ita ba tsayawa. To kun ga dole duk maganin da zai toshe wannan dabarar ya taɓa rauni na gaske.

Abu Fahad:
Tarihi mun ji ɗalibi. Amma ni tambayata har yanzu tana nan, mutum nawa ne abun yake samu? Don wani lokacin ana tsorata mutane da abin da cikin dubu mutum ɗaya yake samu, alhali ciwon da ke hanta tabbas yana can yana aiki.

Bashir Famasi:
Tambaya ce mai kyau kuma akwai lissafi. An bi bayanan masu kansar hanji da suka shiga gwajin maganin, aka buga a 2005. Waɗanda aka yi wa babban aiki suna tsaka da shan bevacizumab, mutum 10 cikin 75 sun samu matsalar warkewar ciwo, kashi 13 cikin ɗari kenan. Waɗanda kemo kaɗai suke yi, mutum 1 cikin 29. Amma ga inda ya shafi Baba: waɗanda aka jira kwana 28 zuwa 60 bayan aiki kafin a fara musu maganin, mutum 3 ne kacal cikin 230. Ka ga bambancin 13 cikin ɗari da kusan 1 cikin ɗari. Mutanen rukunin farko ba su da yawa na yarda, amma ba wanda zai so ya gwada a kan mahaifinsa.

Abu Fahad:
To na ji wannan. Amma a zauna haka ba a komai?

Bashir Famasi:
Ba dole a zauna ba. Sau da yawa ana fara kemon shi kaɗai in likita ya ga jiki zai ɗauka, sai a shigo da Avastin a zagaye na biyu ko na uku. Ummu Sadiq wannan ita ce tambayar da za ki yi wa likitan, ba "me ya sa ka hana" ba, ki ce "za a iya fara kemo kafin nan ko shi ma sai an jira?" Dama kemon ne ginshiƙi, shi Avastin taimako ne ake ɗorawa a kansa.

Hajiya Ta Maraɗi:
Salamu alaikum. Ban cika magana a gidan nan ba amma yau dole in yi. Ɗiyata Ummu Sadiq ki gode wa Allah da ya haɗa ku da likita mai haƙurin cewa a'a. Yayata uwa ɗaya uba ɗaya irin ciwon nan ta yi, tana kan wannan magani wata na huɗu kuma wallahi ta ji sauƙi har ta koma cin tuwo. Kwana 12 da saka mata na ƙarshe sai hanjinta ya toshe, ciki ya kumbura tana ta amai kore, likitoci suka ce ba zaɓi sai aiki a daren, kuma sun gaya mana gaskiya cewa maganin yana jikinta ɗinki zai iya ba da wahala, muka sa hannu don in ba a yi ba ma tafiya ce. Aiki ya yi kyau. Kwana 9 bayan nan ina zaune bakin gadonta ina ba ta kunu da cokali sai tari ya sarƙe ta, ta ce min Hajiya ji nake kamar wani abu ya tsinke. Na ɗaga zanen sai na ga bandejin ya jiƙe sharkaf da irin ruwan da Sista ta faɗa, ja-ja. Da nas ta buɗe, ɗinkin ne ya rabu tun daga sama kamar an zare zip, gefen naman fari tas ba ko ɗigon jini, kamar ranar aka yanka. Wannan farin naman har yau yana idona. Aka sake mayar da ita tiyata. Wata 3 muna wankin ciwo safe da yamma, kuma duk tsawon lokacin nan ba kemo ba komai don ba a yi da ciwo a buɗe. Ita ba ta da zaɓi, gaggawa ce ta same ta. Ku kuna da zaɓi. Sati biyu da kike gani da yawa, mu wata 3 muka rasa.

Ummu Sadiq:
Allahu akbar Hajiya kin sa ni kuka. Ya jikin nata yanzu?

Hajiya Ta Maraɗi:
Ta rasu bara da azumi ɗiyata. Ciwon cikin ya rufe kafin nan, ta samu ta yi wanka da kanta, ta yi ta murna ranar.

Maman Iman:
Allah ya jiƙanta da rahama ya sa Aljanna ce makoma.

Abu Fahad:
Allah ya gafarta mata Hajiya. Na janye maganar fita waje a kan wannan dalilin. Amma Malam Bashir kwana 12 fa, magani bai fita daga jiki ba a kwana 12?

Bashir Famasi:
Amin. Wannan shi ne abin da mutane ba su sani ba game da shi. Farasitamol cikin yini ya fita, shi kuwa bevacizumab sai ya yi kusan kwana 20 kafin rabinsa ya bar jiki, a wasu ma ya fi haka. Kwana 40 saura kwata. Ko a kwana 28 ɗin da takarda ta ce a dakatar kafin aikin da ba na gaggawa ba, fiye da kashi ɗaya cikin uku yana nan yana yawo, shi ya sa likitocin tiyata da yawa suke jira sati 6 zuwa 8, musamman in hanta za a taɓa. Kuma babu wata allura da za a yi ta karya shi, in ya shiga ya shiga sai lokaci ya fitar da shi. Ummu Sadiq ki riƙe wannan don gaba, in ƙarin hantar ya ragu suka ce za su yanke, za a sake irin wannan jiran ta ɗaya gefen, kar ki ce an yi watsi da shi.

Baban Walid:
Jama'a ku tsaya, hankalina ya tashi. Mahaifiyata suga ya taɓa mata ido, duk wata ana mata allura a cikin ido kuma na ga an rubuta Avastin a katinta. Wata mai zuwa za a mata aikin ƙaba. In je in ce a fasa?

Bashir Famasi:
Kwantar da hankalinka Baban Walid. Magani ɗaya ne amma yawan ba ɗaya ba. Na ido miligiram 1.25 ne ake sakawa, na kansa kuwa da nauyin mutum ake aunawa, miligiram 5 zuwa 15 a kowane kilo, mai kilo 60 mafi ƙaranci zai sha miligiram 300, ninki 240 kenan. Ɗan kaɗan yana zirarowa daga ido ya shiga jini, amma ba a saba fasa aiki saboda shi ba. Kar ka fasa da kanka, kar kuma ka ɓoye, ka kai katin idon ka nuna wa mai aikin ƙabar ya gani. A wajen Mama sugan ne ya fi zama abin lura a kan ɗinkin.

Baban Walid:
Nagode Malam, wallahi ban taɓa tunanin likitan ƙaba yana buƙatar sanin maganin ido ba.

Sista Larai:
Wannan maganar taka ita ce babbar matsalarmu. Fayil ɗin ido yana wani asibiti, na kansa yana wani, haƙori kuma a can bakin kasuwa za a cire, ba wanda ya san abin da ɗan uwansa ya bayar. In an tambayi mara lafiya wane magani kake sha sai yace na hawan jini, ba zai lissafa wanda aka saka masa a ruwa sati uku da suka wuce ba don a ganinsa wannan ya wuce. Cire haƙori ma rauni ne, har ƙashi yake kaiwa, kuma masu shan irin wannan magani, musamman in an haɗa musu da allurar ƙarfafa ƙashi irin zoledronic acid, ramin haƙorin yana iya ƙin rufewa har ƙashin muƙamuƙi ya fara mutuwa. In akwai haƙorin da ke damun Baba yanzu ne lokacin faɗa, kafin a fara.

Bashir Famasi:
Kuma ba na ruwa kaɗai ba, akwai ƴan uwansa na haɗiya. Sorafenib da lenvatinib da ake ba masu kansar hanta, wadda muke da ita sosai saboda ciwon hanta nau'in B, da sunitinib da pazopanib na kansar ƙoda. Hanyar VEGF ɗin suke toshewa su ma. Su dai sun fi saurin fita, shi ya sa takardarsu ta ce a tsaya sati 1 kafin aiki ga lenvatinib da pazopanib, kwana 10 ga sorafenib, sati 3 ga sunitinib, sannan bayan babban aiki a jira aƙalla sati 2 kuma ciwo ya warke. Da yake ƙwaya ce ana sha a gida mutane sun fi mantawa da su. Amma dan Allah kar wani ya karanta wannan ya tsayar da maganinsa da kansa, likitan da ya rubuta shi ne zai sa rana.

Maman Iman:
Sista ni kuma tambayar mata. Wata ƙawar yayata mai kansar bakin mahaifa an yi mata gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura, sannan aka sa mata wannan maganin, daga baya ta samu yoyo, bayan gida yana fitowa ta gaba. Mutane suna ta cewa gashin ne ya ƙona ta. Ko maganin ne?

Sista Larai:
Allah sarki. Yawanci haɗuwar biyun ce. Gashi yana lalata ƙananan jijiyoyin wajen, naman ya zama ba shi da isasshen jini, sai jiki ya dinga ƙoƙarin gyarawa a hankali, to sai ga maganin da ke hana gyaran. A gwajin da aka yi kafin a amince da shi ga kansar bakin mahaifa a 2014, kusan mata 8 cikin ɗari masu shan shi sun samu irin wannan yoyon tsakanin hanji da gaba, waɗanda ba su sha ba kusan 1 cikin ɗari, kuma waɗanda suka samu duk an taɓa yi musu gashi. Amma a gwajin nan dai matan da suka sha sun fi daɗewa a raye, shi ya sa ba a daina ba da shi ba. Abin da nake so a dinga yi shi ne a zaunar da mace a gaya mata wannan tun kafin a fara, mu da muka san abin da yoyo yake yi wa aure da mutuncin mace a ƙasar nan bai kamata ta ji shi daga sama ba.

Ummu Sadiq:
Anti wata kuma. Ƙanin Baba ya dage sai an kira wanzami an masa ƙaho a baya, yace zai fitar da mataccen jini. Kuma gwaggonmu ta kawo zuma tace a dinga shafawa a wajen da bai haɗe ba. Ni yarinya ce a gidan ban isa in ce a'a ba.

Malam Na Zariya:
Ƙaho sunna ne kuma magani ne, wannan ba a jayayya. Amma addini bai ce a yi shi ko da zai cutar ba, babu cuta babu cutarwa. In masana sun ce a wannan halin tsaga fata haɗari ne to a jinkirta, ba a bar sunna ba, lokacinta aka jira. Ki gaya wa Baffan naki haka cikin ladabi, ko ki samu wani babba ya gaya masa.

Sista Larai:
Malam ya gama magana. Kemo yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta da masu tsayar da jini, Avastin kuma yana sa zubar jini, haɓo ma ya zama ruwan dare ga masu shansa, to ga tsaga goma sha a baya da aska. Ba ƙaho, ba sakiya, ba tsaga, har sai likita yace. In Baffa ya ƙi ji ku tafi da shi asibiti ranar komawa ya ji daga bakin likita, dattawa sun fi yarda in an girmama su an yi musu bayani kai tsaye. Zuma kuwa gwaggo ba ta yi kuskure duka ba, mu ma akan yi wankin wasu ciwuka da zuma a asibiti, amma kar ku saka da kanku a ciwon da ke kan ɗinkin ciki, ku tambayi mai wankin. Abin da za ku iya yi a gida wanda ya fi komai: sugansa ya daidaita, ya ci ƙwai da wake da kifi da nama in yana iya ci, lemo da gwaiba, in yana shan taba ya bari, in zai yi tari ya danna filo a cikin.

Bashir Famasi:
Maganin da ke firij kuma, tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake so, a cikin kwalinsa, ba a firiza ba. In ya daskare ya lalace, kuma ba a girgiza shi. Ki roƙi maƙwabcin kar a sa shi jikin bangon baya inda ƙanƙara ke kamawa, kar kuma a ƙofa inda yara ke buɗewa. In an riƙe shi haka sati biyu ba abin da zai same shi, ki dai duba ranar ƙarewar aikinsa a kwalin. In famasin asibitin za su karɓa su ajiye muku da sunan Baba ya fi.

Ummu Sadiq:
Yanzu na dawo daga gidan, a ƙofar firij ɗin na same su kusa da ruwan leda, na mayar tsakiya. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.

Abu Fahad:
Ƙanwata in kun koma ki sanar da mu. Ki yafe min na ƙara miki tashin hankali da farko.

Ummu Sadiq:
Salam ƴan uwa, na dawo da labari. Ban jira sati biyun ba, na je ranar Litinin na yi tambayar da Malam Bashir yace, likita yace dama shirinsa kenan, in gwajin jini ya yi kyau kuma ciwon ya ci gaba da cikowa za a fara kemo shi kaɗai sati mai zuwa, Avastin sai zagaye na gaba in wajen ya rufe gaba ɗaya. Baffa ya raka mu, likitan ya ba shi kujera ya masa bayani da Hausa, ya haƙura da ƙahon. Famasi sun karɓi kwalaben sun rubuta sunan Baba. Anti Larai yau da safe na leƙa lokacin wanki kamar yadda kika ce, ƙasan ja ne da ƴan gudaji, da nas ta goga ya ɗan yi jini, kuma ramin ya ragu, da ɗan yatsana zai rufe shi yanzu bai kai rabin farce ba. Baba yace in gaida Hajiya ta Maraɗi, na karanta masa abin da ta rubuta, ya yi wa yayarta addu'a.

Sista Larai:
Alhamdulillah. In an fara Avastin ɗin ku sayi na'urar awon hawan jini ku dinga aunawa a gida kuna rubutawa a littafi, yana ɗaga jini, kuma za su dinga gwada fitsarinsa kafin a saka. Ciwon ciki mai tsanani ko zazzaɓi ko jini a bayan gida kar ku kwana da shi. Haƙorin fa, kin tambaye shi?

Ummu Sadiq:
Na tambaya Anti, ashe akwai turmi ɗaya na ƙasa da yake masa ciwo tun kafin aikin bai faɗa wa kowa ba. An ba mu takarda zuwa ɓangaren haƙori ranar Alhamis.